Wasan Gudu Marar Iyaka: Yadda A Ke Tsara Shi da Yadda A Ke Gina Shi

Da wuya a yau mutum ya shiga tashar mota, ko ya zauna a layin asibiti, bai ga yaro ko babba ya sunkuyar da kai bisa wayar hannu yana goga yatsa a allonta ba. In aka leƙa, sau da yawa abin da za a gani shi ne wani ɗan mutum yana sheƙa gudu, yana tsallake ramuka, yana kauce wa shingaye, yana tsintar kwabbai, ba ya tsayawa sai ya yi karo. Wannan shi a ke kira wasan gudu marar iyaka. An ba shi wannan suna ne domin ba shi da zangon ƙarshe. Ba a cinye shi, sai dai mutum ya yi nisan da ya fi na jiya.

Jama'armu sun ƙware wajen buga irin wannan wasa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda a ke ƙera shi, har waɗansu na zaton aiki ne wanda sai babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa samari da 'yan mata, da iyayensu, da malaman makaranta, cewa hanyar nan da a ke gani kamar ba ta ƙarewa da 'yan guntaye kaɗan aka gina ta, kuma abin da ke riƙe da ita lissafi ne wanda ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa.

Inda abin ya samo asali

Tun cikin shekarun 1980 akwai wasannin da a ke tafiya gaba a cikinsu ba tsayawa. A shekara ta 1982 kamfanin Irem na ƙasar Japan ya fitar da Moon Patrol, inda wata mota ke tafiya a doron wata tana tsallake ramuka. Amma wanda akasari a ke ɗauka shi ya buɗe ƙofar irin na yau shi ne Canabalt, wanda wani Ba'amurke mai suna Adam Saltsman ya gina a shekara ta 2009 cikin kwana biyar. Wani mutum ne ke gudu bisa rufin benaye a birnin da ke rugujewa, kuma maɓalli ɗaya tak mai wasa ya ke da shi, watau na tsalle. Duk da ƙanƙantarsa, a shekara ta 2012 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya sa shi cikin wasanni 14 na farko da ya zaɓa domin adanawa.

A watan Agusta na 2011 aka fitar da Temple Run. Mutum uku ne suka yi shi: Keith Shepherd da matarsa Natalia Luckyanova, da mai zane Kiril Tchangov. Su ne suka yaɗa salon kallon ɗan gudu ta bayansa, a goga yatsa sama ya yi tsalle, a goga ƙasa ya sulale, a goga gefe ya sha kwana. Kafin tsakiyar 2014 an sauke wasannin Temple Run sau miliyan dubu, watau biliyan ɗaya. Sa'an nan a 2012 kamfanoni biyu na ƙasar Danmak, Kiloo da SYBO, suka fito da Subway Surfers mai layi uku, wanda a 2018 ya zama wasa na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya daga kasuwar Google Play. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Kamfanin Maliyo Games na Legas ya yi Aboki Run, kamfanin Gamsole kuma ya yi Gidi Run.

Wa ke gudu, mutumin ko ƙasar?

Duk wanda ya taɓa kallon majigi ya san hotunan da ke cikin fim ba motsi su ke yi ba. Hotuna ne tsayayyu a ke haska su bi da bi, 24 cikin kowane sakan, sai ido ya ga kamar motsi ne. Haka wasa ya ke, sai dai shi ba a riga an ɗauki hotunansa ba, waya ce ke zana kowane ɗaya nan take, sau 30 ko sau 60 cikin sakan guda. Kafin ta zana kowane hoto sai ta yi aiki uku: ta duba ko yatsa ya taɓa allo, ta matsar da kowane abu zuwa sabon wurinsa, ta bincika ko an yi karo. Tana gamawa sai ta zana, ta koma ta sake daga farko. Wannan kewaye shi ne zuciyar wasan, duk sauran abubuwa a jikinsa su ke rataye.

A nan akwai wani tarko da sababbin maƙera kan faɗa. In aka rubuta wa waya umurni cewa a kowane hoto ta matsar da abu santimita 10, to, waya mai zana hoto 60 za ta yi tafiyar mita 6 cikin sakan, mai zana 30 kuwa mita 3 kawai. Ashe ke nan mai tsohuwar waya ya sami wasa mai sauƙi, mai sabuwa ya sami mai wuya, alhali wasa ɗaya ne. Maganin wannan shi ne a faɗi saurin bisa sakan, sa'an nan a kowane hoto a ninka shi da ɗan lokacin da ya wuce tun hoton baya.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin da yawa daga wasannin nan ɗan gudun ba ya zuwa ko'ina. Yana nan inda ya ke yana wutsil-wutsil da ƙafafu, ƙasa ce da shingaye a ke jawowa su nufo shi. Dalili kuwa shi ne, irin lambobin da na'ura ta saba auna wuri da su ba su riƙe fiye da wajen alƙaluma bakwai daidai. In ɗan gudu ya yi nisan mita 100,000, alƙaluma shida sun tafi wajen ƙidayar mita, abin da ya rage na auna ƙananan motsi bai taka kara ya karya ba, sai hoto ya fara rawa. Waɗansu maƙera sukan bar shi ya yi gudun sosai, amma lokaci-lokaci su kwashe shi da duk abin da ke kewaye da shi su mayar mafari cikin ƙiftawar ido, mai wasa bai sani ba.

Domin a ji kamar da gaske a ke tafiya, sai a raba zanen baya hawa-hawa. Wanda ya taɓa leƙe ta tagar jirgin ƙasa ya ga yadda turakun bakin hanya ke wucewa fiu, gonaki na biye a hankali, duwatsu masu nisa kuwa kamar ba su motsi. Haka a ke yi: hawa na kusa ya yi sauri, na nesa ya yi jinkiri. Moon Patrol na cikin wasannin farko da suka yi suna da wannan dabara.

Tabarma uku

A ƙaddara wani mutum ya yi rantsuwa zai tafi daga Kano zuwa Zariya ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, alhali tabarma uku gare shi. Zai iya, muddin yana da yaro mai zafin nama wanda zai riƙa naɗe wadda aka wuce yana shimfiɗa ta a gaba. Hanyar wasan gudu haka ta ke. Ba wayar da za ta iya riƙe hanya marar ƙarshe a ƙwaƙwalwarta, saboda haka sai a yanka hanya gaɓa-gaɓa kamar rake. Gaɓoɓi kaɗan ne ke shimfiɗe a kowane lokaci. Da zarar ɗaya ta wuce bayan ɗan gudu sai a ɗauke ta a kai gaba, can inda hazo ko kwana ya ɓoye wa ido, a sāke mata shingaye.

Haka nan kwabbai da shingaye, ba a ƙirƙirar sababbi a jefar da tsofaffi. Tun kafin a fara a kan tanadi adadin da a ke bukata a ajiye, a riƙa ara ana mayarwa. In ba a yi haka ba, waya za ta riƙa tsayawa domin share tarkacen da ya taru a ƙwaƙwalwarta, kuma tsayawar rubu'in sakan ta isa ta jefa mai wasa rami ba da laifinsa ba.

To, me ya hana hanyar ta gundure mutum, tun da gaɓoɓin ke nan a ke maimaitawa? Lissafi ne ya hana. In maƙeri ya zana gaɓa 20 daban-daban, yana zaɓen wadda za ta biyo baya ta hanyar ƙuri'a, to, jerin gaɓa biyar kawai yana iya zuwa ta fuska 3,200,000. Amma fa kada a sakar wa ƙuri'a linzami. Ita ba ta da tausayi, tana iya toshe layi uku gaba ɗaya, ko ta sa rami daidai inda mai tsalle zai dira. Saboda haka a kan gindaya mata sharuɗɗa: bakin kowace gaɓa ya dace da ƙarshen wadda ta gabace ta, a rarraba su masu sauƙi da matsakaita da masu wuya, a hana masu wuya fitowa da wuri, kuma bayan mai wuya a sako mai sauƙi domin mai wasa ya numfasa.

Akwai misali wanda kusan duk mai waya a ƙasar nan ya sani, watau ɗan wasan nan na dabbar zamanin da, wanda ke fitowa a manhajar Chrome sa'ad da intanet ta yanke. Ma'aikatan Google ne suka sa shi a 2014, kuma rubutun umurninsa a buɗe ya ke ga mai son karantawa. A cikin tsarinsa, sakan uku na farko ba shinge ko ɗaya, ba a yarda shinge iri ɗaya ya fito fiye da sau biyu a jere ba, sauri kuma yana farawa daga 6 yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, amma ba ya wuce 13 ko da an kwana ana bugawa.

Lissafin adalci

Nan ne ainihin gwanintar ta ke, kuma nan ne ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Ƙa'idar ita ce, duk shingen da aka sa a gaban mai wasa lalle ne ya kasance ana iya wuce shi. In ya faɗi, ya kamata ya ce a ransa shi ne ya yi sakaci, sai ya sake gwadawa. Ranar da ya ce wasan ne ya cuce shi, ranar zai goge shi daga wayarsa.

A fara da tsalle. A ce muna son ɗan gudu ya yi sakan 0.8 a sama, ya kuma kai tsayin mita 2. In muka yi amfani da ƙarfin jan ƙasa na gaskiya, watau wajen 9.8, tsallen sakan 0.8 ba zai kai ko mita guda ba, in kuwa muka dage sai ya kai mita 2, zai ɗauki kusan sakan 1.3 yana lilo a sama kamar gashin kaza. Shi ya sa maƙera kan ƙara wa duniyar wasa nauyi. Ana ninka lokacin da kansa, a ninka da ƙarfin jan, a raba gida takwas, sai a sami tsayi. Da ƙarfin ja na 25, sakan 0.8 zai ba da mita 2 cif. A lura, ba a fara da dokar duniya ba, an fara ne da abin da zai yi wa yatsa daɗi, sa'an nan aka nemo lambar da za ta haifar da shi.

Da an san lokacin tsalle, an san faɗin rami. Mai gudun mita 10 cikin sakan zai ƙetare mita 8 a tsalle guda, saboda haka rami ba zai kai mita 8 ba, gara a tsaya wajen 5 ko 6 domin a bar wa ɗan Adam sarari. In sauri ya kai mita 20, tsallen nan ya zama na mita 16. Ramin da ya ke da wuya ɗazu ya zama wasan yara, amma wata sabuwar matsala ta ɓullo, domin in dandamalin da ke gaba gajere ne sai a tsallake shi ɗungum a faɗa rami na biyu. Ashe ba a yanke faɗin rami da tsawon dandamali sau ɗaya a huta, tilas ne a riƙa lissafa su daga saurin da a ke ciki. Canabalt haka ya ke yi. Har ma akwatuna da kujerun da ke watse a hanyarsa ba kisa su ke yi ba, rage gudu su ke yi, sai ya zamana gwani kan yi tuntuɓe da gangan in ya ga saurin ya fi ƙarfinsa.

Sai kuma ido da hannu. Tsakanin ganin abu da motsa yatsa, lafiyayyen mutum kan ɗauki wajen rubu'in sakan, in kuwa sai ya zaɓi hagu ko dama, ya fi haka. A gudun mita 20, an riga an ci mita 5 kafin yatsa ya taɓa allo. Saboda haka dole a nuna shinge tun da sauran tazara, dole kuma sauri ya sami iyakar da ba ya wucewa. Bayan an kai iyakar, a ƙara wuya ta hanyar jera shingaye da wayo, kada a ƙara ta da saurin da ba ɗan Adam ɗin da zai iya bi.

Akwai kuma waɗansu 'yan rangwame da mai wasa ba ya gani. Waya ba ta duba zanen mutum sa'ad da ta ke binciken karo, waɗansu akwatuna ne ɓoyayyu da aka lulluɓa wa ɗan gudu da shinge ta ke dubawa, ko sun shiga juna. Maƙeri mai hankali yakan sa akwatin shinge ya ɗan gaza zanensa, na kwabo kuwa ya ɗan fi shi girma. Yakan kuma yarda a yi tsalle ko da ƙafa ta bar bakin rami da wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan, in kuma an taɓa allo dab da dira, sai ya riƙe umurnin ya cika shi da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa. Wani zai ce ai wannan maguɗi ne. A ganinmu ba haka ba ne. Allon waya ƙarami ne, yatsa yana rufe sashensa, ita kanta wayar tana da ɗan jinkiri, rangwamen yana biyan wannan bashi ne kawai.

Kwabbai ma ba ado ba ne. In an jera su kamar baka bisa rami, sun koya wa sabon shiga inda zai tashi da inda zai dira ba tare da an rubuta masa kalma ɗaya ba. In an jera su dab da shinge, sun zama jarrabawa tsakanin kwaɗayi da taka-tsantsan.

Kayan aiki da gwaji

Mai koyo ba ya bukatar ya rubuta kome daga tushe. Yara na iya farawa da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda a ke harhaɗa umurni kamar tubali. Wanda ya ɗan yi nisa ya nemi injin wasa, watau manhajar da ta riga ta ɗauki nauyin zane da sauti da binciken karo. Godot kyauta ne, an buɗe shi ga kowa tun 2014, kuma ba ya bukatar kwamfuta mai tsada. Unity ya fi shi nauyi, da shi aka gina Subway Surfers. Shirin nan na Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya sa ƙera wasanni cikin fannonin da ya fara da su.

Kada a fara da zane. A fara da akwati ɗaya mai tsalle da akwati ɗaya mai tahowa. In wannan bai yi daɗi ba, ba rigar da za a sa masa ta gyara shi. In ya yi daɗi, a miƙa wa ƙane ko maƙwabci, a koma gefe a yi shiru, a lura da inda ya ke faɗuwa. In mutum biyar sun faɗi wuri ɗaya, laifin na wurin ne. A kuma gwada a kan waya mai araha, irin wadda ta fi yawa a hannun jama'armu, a tabbata wasan bai cika girma wajen saukewa ba, ba ya zuƙe batir, yana kuma aiki ko babu intanet.

Kuɗi da doka

Da farko ana sayar da Temple Run ne a kan santi 99 na dalar Amurka. Ba a daɗe ba masu shi suka mai da shi kyauta, suna sayar da kwabban cikin wasa ga mai so, daga nan ne ya bazu ko'ina. Yawancin wasannin gudu wannan hanya su ke bi, ko kuwa ta talla. Rajistar mai sa manhaja a Google Play dala 25 ce, biya ɗaya, kuma a ƙarshen 2023 kamfanin ya ƙara sharaɗi cewa sabon mai rajista na ƙashin kansa sai ya ba waɗansu mutane manhajarsa sun gwada har kwana 14. Amma kada matashi ya bar makaranta ko sana'arsa saboda labarin biliyan. Wasannin da ke kasuwa ba su ƙidayuwa, mafi yawansu kuwa ba su kawo wa masu su abin kirki. Ribar da ta tabbata ita ce ilmin da aka samu wajen ginin, wanda ke da amfani a sauran ayyukan kwamfuta.

Wasan da ba ya ƙarewa yana iya cin lokacin da ba nasa ba. Dong Nguyen, mutumin Biyetnam wanda ya yi Flappy Bird a 2013, ya janye wasansa daga kasuwa a watan Fabrairu na 2014, a daidai lokacin da aka ba da labarin yana samun wajen dala 50,000 kowace rana daga talla, ya ce ya ga abin ya zama jaraba ga mutane. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasannin kwamfuta cikin kundinta na cututtuka. Saboda haka ya wajaba ga maƙeri ya guji ƙara wa wasa wuya da gangan domin a tilasta yaro ya sayi abu, iyaye kuma su rufe hanyar saye a wayar da su ke ba yara.

Dokoki biyu na ƙasar nan sun shafi wannan aiki kai tsaye. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a tattara bayanan yaro, saboda haka wasan da ba ya bukatar suna ko lambar waya, kada ya tambaya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuwa ta kare rubutun manhaja da zane da kiɗa. Salon gudu da tsalle ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya ginawa a kansa, amma ɗaukar ɗan gudun wani, ko sunan wasansa, ko kiɗansa, laifi ne, yana kuma iya sa a cire wasan daga kasuwa. Mai neman abin zanawa ya dubi lungunan kasuwar Kurmi, da amalanke, da Keke Napep, da kwatar da a ke tsallakewa da damina. Gaɓa 20 kawai ya ke bukata.